Katakon Makarantar Ummi

Ku sauka daga kan katakon can tukuna, ku dawo nan kan tabarma. Dalilin zai zo a cikin magana. Kun ce kuna son koyon haɗa jirgi saboda kwale-kwale ya yi daraja tun da ruwa ya fara cin gonaki kusan kowace damina. Ɗayanku kuma, ina ji da kunnena, ya ce wai ai katako ne da ƙusa kawai. To madalla. Akwati ma katako ne da ƙusa. Ku kai shi kogin Haɗeja ku shiga ciki, ni ina gaɓa ina kallonku.

Shekara arba'in da wani abu ke nan ina wannan aiki a bakin ruwan nan. Wanda ya koya mini, Baba Kyari, Allah ya jiƙansa, Babarbare ne daga gabas. Gajere ne, ba ya son surutu, Hausarsa ma a karkace take fita. Shekarata ta farko a wurinsa ban taɓa zarto ba. Aikina miƙe tsofaffin ƙusoshi a kan guntun ƙarfe, da narka kwalta a cikin rabin garwa, da yayyaga tsumma sirara-sirara. In na yi ƙorafi sai ya ce, "Idi, wanda bai san ƙusa ba, me zai gaya wa katako?" Daga nan ya juya baya, magana ta ƙare.

Aikin farko da ya sakar mini, jirgin wani masunci ne da ke yoyo ta gindi. Na kankare tsohuwar kwalta, na cusa tsumma a cikin tsagar da ƙarfen toshiya, na zuba sabuwar kwalta, na rufe da siririn kwano na bi shi da ƙananan ƙusoshi. Sai ƙyalli yake yi, ni kuwa sai hura hanci. Baba Kyari ya sa aka ɗora jirgin a kan itatuwa biyu, ya watsa busasshen yashi a ƙarƙashi, ya ce in cika cikinsa da ruwa. Muka zauna. Can sai ga ɗigo ɗaya ya faɗo a kan yashin, ya yi baƙi kamar idon kifi. Bai zage ni ba. Ƙarfen toshiyar kawai ya miƙo mini. Sau huɗu na kwance aikin nan kafin yashin ya kwana a bushe.

Kayan aikin ba su da yawa. Gizagon nan nasa ne, ƙotar ce kawai na canja sau biyar. Ga zarto, ga guduma babba da ƙarama, ga igiyar da ake jiƙa wa shuni a buga layi. A zamanin ƙuruciyarsa itace guda ake kayarwa a sassaƙe cikinsa, jirgi ba haɗi ko ɗaya. Ni ban riski wannan sosai ba, manyan itatuwan sun ƙare, sai katakon da ake kawowa daga kudu. Shi kuma katako hali gare shi. Akwai mai sauƙin kuɗi, fari, mai laushi, damina uku ya ruɓe. Akwai jan maɗaci mai nauyi, wanda in ka ƙwanƙwasa shi zai amsa maka da murya, gara ma ba ta cika son sa ba.

Masu saye kuwa kowa da irin tasa fitinar. Masunci yana son siriri mara nauyi da zai kutsa cikin kacalla, wannan doguwar ciyawa da ta toshe mana hanyoyin ruwa, kuma rabin ladanka da kifi zai biya ka. Manomin shinkafa daga wajen Auyo yana son mai faɗin ciki, ya loda buhuna har ruwa ya kusa leɓen jirgi, in ka yi magana ya ce Allah ne mai tsarewa. Mai fito yana son gefe mai tsawo, don matan da ke tsallakewa da ƙoren nono ba sa yafe wa wanda ya fantsa musu ruwa a ciki. Amma abu ɗaya ya haɗa su duka: gaggawa. Kowa yana son ranar da aka buga ƙusar ƙarshe ya tuƙa abinsa ya tafi.

To ga dokar da Baba Kyari bai taɓa sassautawa ba. Sabon jirgi sai ya sha ruwa. In ka haɗa katako da katako ba ka matse su gam, kana barin 'yar tsaga kamar kaurin bayan wuƙa, don itace in ya jiƙa kumbura yake yi. In ka matse, ya kumbura ya tumɓuke ƙusa. In ka bar tsagar kuma, to sai ka loda wa jirgin buhunan ƙasa ka nutsar da shi a gefen kogi kwana bakwai, katakon ya sha ya ƙoshi, ya rufe bakinsa da kansa. Kwalta da tsumma taimako ne kawai, ruwan ne ke gama aikin. Bayan rasuwarsa, ba zan ɓoye muku ba, na riƙa rage kwanakin. Katakon kasuwa da ɗanyensa-ɗanyensa yake zuwa, kwana biyu ko uku ya rufe. Na yi haka shekara da shekaru ba abin da ya faru, har na fara ganin tsohon tsanani ne kawai gare shi.

Yanzu bari in kawo ku kan 'yata. Sunanta Hauwa, sunan mahaifiyata ne, saboda haka Ummi nake ce mata. Yayyenta maza biyu ba wanda ya wuce firamare, ɗaya ya bi kamun kifi, ɗaya ya bi acaɓa. Ita kuwa tun tana aji ɗaya malaminta ya tare ni a masallaci ya ce, "Malam Idi, yarinyar nan kada a bari ta tsaya a hanya. Ka fara tanadi tun yanzu, makarantar gaba ba ta jiran mutum."

Na gwada ajiye kuɗi. Wallahi na gwada. Amma kuɗi a gidan talaka ƙamshi gare su. Yau ƙanenka an yi masa haihuwa, gobe surukarka ba lafiya, jibi ga maƙwabci da hawaye a ido, kuma kai ka san suna ƙarƙashin katifa, yaya za ka ce babu? Na sayi tunkiya, ta ci leda ta mutu. Abin da ya tsira daga hannun mutane kuma, shekara na zagayowa ka ga ba ya sayen rabin abin da yake saye bara.

Wata rana wani mai fito ya kawo katakon maɗaci a yi masa babban jirgi, guda ɗaya ya yi saura. Ya ce in sayar masa da shi. Na ce a'a, a cire shi a cikin ladana. Na ɗauke shi a ka na kai gida, na shafe shi da baƙin mai, na ɗora a saman rumfa. Matata Hajara ta ce, "Malam, yau kuma katako za mu ci?" Na ce mata wannan na makarantar Ummi ne. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Amma ku duba, a duk faɗin garin nan an taɓa zuwa rancen katako? Ba a kai shi gidan suna, ba a kai shi asibiti, kuma kowace shekara tsada yake ƙarawa. Niyyata in ta gama sakandare in haɗa babban jirgi guda da su, in sayar, kuɗin ya kai ta kwaleji.

Ranar da na kawo na farkon na kira ta, na ba ta gawayi na ce ta sa alamarta. Ta zana wani abu kamar ƙafar kaza, ta ce wai harafin farko na sunanta ne. Na sa ƙusa a wuta ta yi ja, na bi zanen na ƙona shi a jikin itacen don kada ya goge. Daga nan ya zama al'ada. Duk babban aikin da na samu, wani ɓangare na ladan katako nake karɓa, ita kuma ta zo ta rubuta. Na biyu harafin ya miƙe. Na huɗu ta rubuta sunanta cikakke, har da nawa a baya. Ni ban iya boko ba, amma hannuna ya bi kowane layi da ƙusa mai zafi, har na san sunan 'yata a ido. Shekara goma sha biyu ana haka, saman rumfar ya yi nauyi har sai da na ƙara masa ginshiƙi.

Sai muguwar shekarar ta zo. Ku kun san ta, kuna yara lokacin, shekarar da ruwa ya shiga har cikin unguwanni, hanyar Kafin Hausa ta yanke, mutane suka koma kwana a makarantu. Gerona da nake sa ran zai tallafa, ko zangarniya ɗaya ban cira ba. A tsakiyar wannan hali takardar Ummi ta iso. Ta samu gurbi a kwalejin koyon aikin ungozoma, kuma an ba da mako biyu, wanda bai je ya yi rajista ba a ba wani wurinsa.

A ranar na sauko da katakon. Mai saye ma bai yi wuya ba. Alhaji Sabo, babban manomi ne a wajen Auyo, shinkafarsa ta nuna tana tsaye cikin ruwa, mutanensa suna yanka suna ɗorawa a kan wani tudu, ba abin kwasowa. Ya ƙwanƙwasa katakon nan ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Malam Idi, ina ka samo wannan? Irinsa ya ƙare a kasuwa." Muka yi ciniki mai kyau.

Ban taɓa yin jirgi kamar wannan ba, kuma ban ƙara ba. Katakon ya bushe ƙarau, zarto na shiga yana waƙa. Saboda bushewar na bar masa tsaga fiye da yadda na saba, don na san zai kumbura sosai. Wannan daidai na yi. Rubutun Ummi kuwa duk na juyo da shi ta ciki, ƙafar kazar nan na sa ta a goshin jirgi. Kwana tara na gama. Na nutsar da shi, ya kwana biyu, sai ga Alhaji da kuɗinsa a leda. Ya ce shinkafa ta fara tsirowa a kan tudu, in ba yau ba ya fasa, zai nemi ko tsohon jirgi ne. Ita kuma rajista saura kwana uku.

Ummi ta kawo mini abincin rana a bakin ruwa, ta tarar ana kwashe buhunan ƙasa. Yarinyar da ta girma tana jin ina ba da labarin Baba Kyari. Ta matso ta ce a hankali, "Baba, ai ba a yi bakwai ba."

Na ce, "Ke za ki koya mini aikina? Jirgi nawa na sallama a kwana biyu?"

Ta ce, "Waɗancan ba su yi shekara goma sha biyu a rumfa ba."

Na daka mata tsawa a gaban mutane na ce ta wuce gida ta haɗa kayanta. Ta ajiye kwanon ta tafi. Gaskiya ta faɗa, kuma a lokacin ma na san gaskiya ce. Itacen da ya yi shekara goma sha biyu yana jin ƙishirwa ba ya ƙoshi a kwana biyu. Na ƙara masa kwalta a kan tsagogin, na ce Allah ya kiyaye, na karɓi ledar.

Washegari da hantsi, jakar Ummi na ƙofar ɗaki, Hajara na ɗaura mata ƙuli-ƙuli da yaji, sai aka yi sallama. Alhaji Sabo ne, rigarsa jiƙe har ƙirji, taɓo har gwiwa. Sun yi lodin farko, suna tsakiyar gonakin da ruwa ya shafe, nauyi ya danna jirgin, kwaltar ta buɗe, ruwa ya riƙa shigowa ta ko'ina. Allah ya taimaka wurin iya wuya ne, mutum huɗun da ke ciki duk suka fita. Shinkafar kuwa ta tafi. Bai ɗaga murya ba, da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi, "Malam Idi, da a kan kogi ne fa?"

Na shiga ɗaki na ɗauko ledar yadda ya ba ni, ko kullin ban kwance ba, na miƙa masa. Na ce shinkafar da ta salwanta kuma, gyaran duk wani jirgi nasa ya zama nawa har sai ya ce ya isa. Da ya fita, Ummi ta ɗauki jakarta ta mayar ɗaki. Ban iya kallonta ba. Kunya irin ta ranar nan ban taɓa jin ta ba. Wa'adi ya cika, aka ba wata wurinta.

Sai da ruwa ya ɗan ja, bayan kwana goma sha wani abu, muka je da yayyenta muka ɗago jirgin. Muka kwashe taɓo, muka wanke, na tura shi kan ruwa na zauna a ciki ina jira. Ko ɗigo. Tsagogin nan sun rufe ruf, ko allura ba za ta shiga ba. Ruwa ya yi masa abin da na hana shi. Amma wa zai saya? Kun san mutanenmu, jirgin da ya taɓa nutsewa ko kyauta ka ba mutum sai ya yi shawara. Har suna aka sa masa a mashigi, wai Mai Nutso.

Da na ga haka na ce to ni zan yi fito da shi. Ina da shekara hamsin da ɗoriya na ɗauki gora na tsaya a mashigi tare da yara sa'o'in 'ya'yana. Ranar kasuwa ta farko jirage suna cika suna tashi, nawa ba wanda ya ko kalla. Mata su zo, su gane shi, su ja da baya. Na wuni ban tsallakar da ko akuya ba.

Kasuwa ta biyu ina kwance igiya sai ga Ummi da hijabinta da littattafanta. Ta shiga ta zauna a tsakiyar jirgin, ta ce, "Baba, mu je."

Na ce, "Ina?"

Ta ce, "Tsallake. In mun je mu dawo."

Haka muka wuni, ni da ita, mu je mu dawo, tana karatun jarrabawar da za ta sake, mutane suna kallo daga gaɓa. In mun iso sai ta ɗaga gefen zanenta kaɗan yadda matan za su ga a bushe yake. Wajen la'asar wata tsohuwar Bafillatana da ta rasa wuri a sauran jiragen ta leƙo ta ce, "Yarinya, ba kya tsoro?" Ummi ta nuna mata katakon da take zaune a kai ta ce, "Inna, duba, sunana ne a jiki. Tun ina aji ɗaya nake rubuta shi." Tsohuwar ta miƙo mata ƙwaryar nono ta riƙe, ta tattare zane ta shigo. Ita ce fasinjata ta farko. Ummi ba ta fasa zuwa ba duk ranar kasuwa har rani ya yi nisa, lokacin kuwa sai na riƙa mayar da mutane don wuri ya cika.

Abin da fito ya kawo Hajara na ba, na ce ko ni na tambaya kada ta nuna mini inda yake. Ummi ta sake jarrabawa, ta sake samun gurbi. Amma abin da aka tara bai isa ba. Ana cikin haka, wata safiya Alhaji Sabo ya zo mashigi, ya tsallake jirage uku ya shigo nawa. Muna tsakiyar kogi ya sunkuya ya shafa gindin jirgin, ya duba tafin hannunsa. Ya sake shafa wani wurin. Da muka isa gaɓa bai sauka ba, ya ce, "Malam Idi, yanzu ya sha ruwan?"

Na ce, "Ya sha, Alhaji. Da shinkafarka ya haɗa."

Ya yi dariya har hularsa ta faɗi. A ranar ya saye shi, kuma bai rage ko kwabo daga cinikinmu na farko ba. Sharaɗi ɗaya na yi masa, ranar tafiyar Ummi a bar ni in tsallakar da ita a ciki zuwa inda ake samun mota. Haka aka yi. Har yau jirgin yana wajen Auyo yana ɗaukar shinkafa, an canja masa katako biyu a gefe, amma ƙafar kazar tana nan a goshi.

Shekara guda ta rayuwar yarinyar nan na ci saboda kwana biyar. Ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, ko sau ɗaya. Ni ne nake tayarwa, duk lokacin da wani ya tsaya a kaina da kuɗi a hannu yana cewa sauri yake yi. Saboda haka in kun zauna a nan, ku sani, za ku miƙe ƙusa, za ku narka kwalta har idonku ya yi ja, kuma ba jirgin da zai bar gaɓar nan bai yi bakwai ba, ko na uban wa ne.

Ummi yanzu tana aiki a wani asibitin ƙauye wajen Kaugama, da mijinta da 'yarta Safiya, amaryata, mai tsiwa kamar uwarta. Bara waccan da kaka ina zaune a nan sai ga mota ta tsaya, direba ya sauko da jan katako guda, ya ce saƙo ne daga malamar asibiti. Na ɗauka gyara take so a yi mata. Da na juya shi sai na ga gawayi a ƙarshensa, wani zane a karkace, ba kai ba gindi. Na daɗe a tsaye. Daga nan na hura wuta na sa ƙusa.

Bara ma ta aiko, bana ma ta aiko. Su ne guda ukun can da na tashe ku daga kai. Kuɗin makarantar Safiya ne kuka zauna a kai kuna kaɗa ƙafa. Kai mai jar riga, je ka duba na saman, a hankali, kada ka shafa, ban ƙona shi ba tukuna. Ka karanta mini, an ce bana ta rubuta sunanta duka.